Ƙurar da Tauraruwa Mai Wutsiya Ke Bari a Hanya

A daren 12 ga Nuwamba 1833, wayewar garin 13, wani haske da ke shigowa ta tagogi ya tashi mutanen gabashin Amurka daga barci. Waɗanda suka leƙa waje suka tarar sama ta cika da abin da muke kira faɗuwar tauraro. Dubbai ne suke zubowa babu ƙaƙƙautawa, wasu sirara, wasu manya masu barin layin haske a bayansu, har alfijir ya keto. Mutane da yawa suka durƙusa suna addu'a, a zatonsu tashin duniya ne ya zo. Amma da hantsi ya yi babu wanda ya tsinci komai a ƙasa, kuma da dare ya sake yi kowane tauraro yana nan daram a inda aka saba ganinsa.

To, me ya zubo? Ƙura ce. Ƙwayoyi ne waɗanda yawancinsu ba su wuce tsabar yashi ba, waɗanda wata tauraruwa mai wutsiya ta zubar a kan hanyarta tun da daɗewa, duniyarmu kuma ta zo ta ratsa ta cikinsu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan ilimi shi ne cewa ruwan taurari yana da lokacinsa kamar yadda damina take da nata, kuma an gano haka ne saboda wasu bayin Allah, a ƙasashe daban-daban da zamani daban-daban, sun ga abu a sama sun zauna sun rubuta ranar da suka gan shi.

Masu rubuta kwanan wata

A cikin waɗanda suka kwana suna kallon sama a daren nan akwai Denison Olmsted, malamin lissafi da kimiyya a Jami'ar Yale. Ya roƙi jama'a ta jarida su aiko masa da abin da suka gani, ya tattara, ya kwatanta. Ya lura da abu biyu. Na farko, duk fitilun nan suna fitowa ne daga wuri ɗaya a sama, cikin burujin Asad, wato taurarin zaki. Na biyu, wurin yana tafiya tare da taurari yayin da dare ke ja, bai tsaya a kan wani gari ko wani tsauni ba. Wannan ya nuna masa cewa abin ba daga gajimare ko iskar duniya ya samo asali ba. Daga waje yake shigowa.

Bayan kimanin shekara 30, wani malami a wannan jami'a, Hubert Newton, ya duƙufa a kan tsofaffin littattafan tarihi na Larabawa da Sinawa da Turawa yana neman irin wannan dare. Mafi daɗewa da ya samu na shekarar 902 ne. Marubutan Larabawa sun ce a wannan shekara taurari sun watsu dama da hagu kamar ruwan sama, suka danganta abin da rasuwar Ibrahim ɗan Ahmad, wanda ya mulki yankin da Tunisiya take a yau, har aka yi wa shekarar laƙabi da shekarar taurari. Su saboda mutuwar basarake suka rubuta, amma kwanan watan da suka ajiye shi ya yi amfani bayan kusan shekara dubu. Newton ya jera shekarun da ya samu, irin su 934 da 1202 da 1366 da 1533 da 1799, ya ga abin yana komowa kusan kowace shekara 33. Sai ya ce a saurari 1866. Nuwamban wannan shekara na zuwa, mutanen Turai suka sha kallo.

A wannan shekarar dai, 1866, Giovanni Schiaparelli na ɗakin nazarin taurari da ke Milan a Italiya ya ɗaure zancen. Ya lissafa hanyar da ƙwayoyin ruwan taurarin watan Agusta suke bi wajen kewaya rana, sai ya ga ita ce hanyar wata tauraruwa mai wutsiya da aka gano a 1862, wadda ake kira Swift-Tuttle da sunan mutum biyun da suka hango ta. Ba a jima ba aka tabbatar cewa ruwan taurarin Nuwamba shi ma yana bin sawun wata, mai suna Tempel-Tuttle, wadda take cika kewayenta cikin shekara 33. Lissafin Newton da hangen masu na'ura suka haɗu a wuri ɗaya.

Yadda ƙurar ke fita

Tauraruwa mai wutsiya ba ta da wuta ko hasken kanta. Dunƙule ce ta ƙanƙara da ƙura da tsakuwa, ragowar kayan da aka yi duniyoyi da su fiye da shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce. Fred Whipple na Jami'ar Harvard ne ya fito da wannan bayani a 1950, tun kafin wani kumbo ya je ya gani. Girman dunƙulen ba shi da yawa. Na Swift-Tuttle, wanda ake lissafawa cikin manya, faɗinsa kusan kilomita 26 ne.

Hanyarta doguwa ce, mai siffar ƙwai. Mafi yawan rayuwarta tana can nesa da rana cikin tsananin sanyi, a daskare, ba wutsiya, ba haske. Idan ta juyo ta kusato rana sai zafi ya fara taɓa fatarta. A sararin samaniya babu iskar da za ta danne abu, don haka ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa. Kai tsaye take komawa tururi. Tururin nan yana fashewa ta tsagogi da ramuka yana feshi da ƙarfi, yana kwaso ƙurar da take cakuɗe da ƙanƙarar. Dunƙulen kuma ƙarami ne, ba shi da ƙarfin jan da zai dawo da abin da ya tashi da gudu. Abin da ya fita haka ya fita ke nan.

Wannan ba zato ba ne, an je an gani. A watan Maris 1986 kumbon Giotto na ƙasashen Turai ya gifta ta kusa da tauraruwar Halley, tazarar kusan kilomita 600. Hotunan da ya aiko sun nuna dunƙule mai tsawon kusan kilomita 15, baƙi ƙirin, wanda ba ya mayar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ga kuma feshin tururi da ƙura yana fita ta ɓangaren da ke fuskantar rana. Ƙurar ma ba ta bar kumbon ya wuce lafiya ba. Wata ƙwaya ta buge shi ta karkatar da shi, na'urar ɗaukar hotonsa kuma ta lalace. A 2004 kumbon Stardust na Amurka ya ratsa ƙurar wata mai suna Wild 2, ya kamo ƙwayoyinta, ya jefo su a hamadar jihar Yuta a Janairu 2006, masana suka sa su a ƙarƙashin madubin bincike. Daga 2014 zuwa 2016 kumbon Rosetta ya yi fiye da shekara biyu yana rakiyar wata da ake kira 67P, yana kallon yadda gefen tsaunukanta ke zaftarewa, ƙura na tashi. Awon da ya yi ya nuna cikinta duk kafofi ne, nauyinta kuma bai wuce kusan rabin na ruwa mai girmanta ba.

Ƙurar da ta fita tana rabuwa gida biyu. Mai laushi ƙwarai, wadda ta fi gari laushi, hasken rana kansa yana tura ta baya. Ita ce take zama farar wutsiyar da ido ke gani, mai tsawon miliyoyin kilomita, kuma nan da nan take watsewa. Manyan ƙwayoyi kuwa, daga tsabar yashi zuwa ƙaramar tsakuwa, hasken rana ba ya iya kore su. Suna barin uwarsu a hankali, da gudun 'yan mitoci ko gomman mitoci a daƙiƙa, alhali ita uwar tana keta sarari da gudun gomman kilomita a daƙiƙa. Saboda haka kusan hanyarta suke ci gaba da bi. Su ne suke zama ruwan taurari.

A ɗauka jaki ne da buhun gero mai huji, yana bin turba ɗaya kowace ranar kasuwa. Duk zuwa sai ya bar sabon layin tsaba, kuma wanda ya tsallaka turbar zai taka gero ko da jakin ya daɗe da wucewa. Bambancin kawai shi ne tsabar sama ba ta kwance. Kowace ƙwaya tana kewaya rana da kanta. Wadda ta fita da ɗan ƙarin gudu hanyarta takan ɗan ƙara tsawo, sai ta riƙa makara. Wadda ta fita da ragi takan riga uwarta dawowa. Kewaye bayan kewaye tazarar tana ƙaruwa, har ƙurar ta zama siririn zare mai tsawon gaske. Bayan ɗaruruwa ko dubban shekaru zaruruwan sukan baje su cika hanyar gaba ɗaya.

Inda hanya biyu suka haɗu

Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. Idan hanyar wata tauraruwa mai wutsiya ta gitta tamu, to kowace shekara, a ranaku iri ɗaya, sai mun iso wannan mararraba. Dalilin da ya sa ruwan taurari yake da kwanan wata ke nan.

Ƙwayar takan shigo iskar duniya da gudu tsakanin kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa. Na burujin Asad, masu zuwa a Nuwamba, suna cikin mafiya gudu, kusan kilomita 71, domin gaba da gaba suke yi da mu. Da irin wannan gudu, tafiya daga Kano zuwa Kaduna ba za ta kai daƙiƙa huɗu ba. A tsayin kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa, karon da ƙwayar take yi da iska yana sa ta yi zafi har ta ƙone ta zama tururi, iskar da ke kewaye da ita ma ta ɗauki haske. Layin hasken nan shi ido ke gani, domin ita ƙwayar ta yi ƙanƙanta a hango ta daga wannan nisa. Launinsa yana da alaƙa da ma'adinan da ke cikinta: sodiyam yana ba da rawaya, maganiziyam kuma kore-kore. Kafin mutum ya nuna wa na kusa da shi, an gama.

Abin da Olmsted ya lura da shi, na fitowarsu daga wuri ɗaya, aikin ido ne. Ƙwayoyin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma layukan da ke tafiya haka idan aka hange su daga nesa sai a ga kamar sun taso daga ɗigo guda. Da sunan burujin da ɗigon ya faɗa ake kiran kowane ruwan taurari. An fi ganinsu bayan tsakar dare zuwa asuba, domin a lokacin ne ɓangaren duniyar da mutum yake ya juyo yana fuskantar inda take dosa.

Tauraruwar da take zubar da jikinta haka ba za ta dawwama ba. Labarin Biela ya isa misali. Wani hafsan sojan Ostiriya, Wilhelm von Biela, ya gano ta a 1826, tana dawowa kusan kowace shekara 6 da rabi. A 1846 masu na'ura suka ga ta rabe biyu. A 1852 aka sake ganin ɓangarorin biyu sun yi nisa da juna, daga nan ba a ƙara ganinta ba. Amma a daren 27 ga Nuwamba 1872, da duniya ta ratsa tsohuwar hanyarta, sai aka yi ruwan taurari na dubbai a awa guda, aka kuma maimaita a 1885. Tauraruwar ta ƙare, ƙurarta ta ci gaba da kewaya.

Daga jin kunya zuwa daidai da minti

Me ya sa wata shekara a ga goma a awa, wata kuma a ga dubbai? Idan duniya ta ratsa tsohuwar ƙura wadda ta riga ta baje, yayyafi ake samu. Idan ta faɗa tsakiyar sabon zare wanda bai watse ba, sai a yi kamar da bakin ƙwarya. Masanan ƙarni na 19 ba su da hanyar bin kowane zare daban. Sun shelanta wa duniya cewa za a yi gagarumin kallon ruwan taurarin burujin Asad a 1899, jama'a suka fito suka kwana a waje, ba a ga abin kirki ba. Duniyoyin Jupita da Satan, waɗanda malamanmu na falaki suke kira Mushtari da Zuhal, sun ja ƙurar da ƙarfinsu sun kauce da ita daga hanyarmu. Mutane suka yanke ƙauna, har sai ranar 17 ga Nuwamba 1966, lokacin da mazauna yammacin Amurka suka ga gomman fitilu a kowace daƙiƙa.

Kwamfuta ta canja lamarin. David Asher na ɗakin nazarin taurari da ke Armagh a Ireland ta Arewa da Robert McNaught na Ostireliya suka bi kowane zaren da Tempel-Tuttle ta bari a kowace dawowarta, suka lissafa yadda manyan duniyoyi suka ja shi. Suka ce ranar 18 ga Nuwamba 1999, wajen ƙarfe 3 na dare agogon Najeriya da Nijar, duniya za ta ratsa zaren da aka zubar a 1899. Haka aka yi, da saɓanin 'yan mintoci kawai, aka ga dubbai a awa a sararin Turai da Gabas ta Tsakiya. A 2001 aka sake dacewa, wannan karon da zaruruwan 1699 da 1767 da 1866. Wannan lissafi yana da amfani fiye da kallo, domin ƙwayar da ba ta cutar da wanda ke ƙasa tana iya lalata tauraron ɗan'adam da muke dogara da shi wajen waya da talabijin da hasashen yanayi.

Namu rabon kallon

Na tashi a gidan da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida idan bazara ta matsa, kuma faɗuwar tauraro ba baƙon abu ba ne a wurin wanda ya kwana a waje. Idan aka ga babba, ba a rasa mai cewa wani babban mutum ya rasu. Wannan magana tsohuwa ce, kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore ta, ya bayyana cewa ba don mutuwar wani ko haihuwarsa abin yake faruwa ba. Abin da ya shafi gaibu a wannan babi yana hannun malamai. Ni da me aka yi abin da kuma ta ina yake zuwa nake bayani, kuma a wurina sanin wannan tsari ƙarin girmama Mahalicci ne.

Ga ranakun da suka fi dacewa da mu. Wajen 5 da 6 ga Mayu, gab da asuba, a dubi gabas. Ƙurar Halley ce, kuma ƙasashenmu da ke kusa da tsakiyar duniya sun fi Turai samun ganinta. Ita Halley an gan ta a 1986, yanzu tana can nesa, sai 2061 za ta dawo, amma ƙurar da ta zubar ɗaruruwan shekaru da suka wuce tana ziyartarmu sau biyu a shekara, na biyun wajen 21 da 22 ga Oktoba. Na 12 da 13 ga Agusta, na Swift-Tuttle, shi ya fi suna a duniya, sai dai mu yana zuwa mana a tsakiyar marka, sai wanda ya dace da daren da sama ta washe. A farkon Nuwamba akwai masu tafiya a hankali, masu haske sosai, da ke fitowa daga wajen Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ake dangantawa da tauraruwar Encke mai kewaye cikin shekara 3 da 'yan watanni. Na burujin Asad yana zuwa 17 da 18 ga Nuwamba, kuma uwarsa za ta dawo a 2031.

Wanda na fi ba da shawara a kai shi ne na 13 da 14 ga Disamba, daga burujin Jauza'u. A wuri mai duhu sosai yana iya wuce ɗari a awa, kuma wajen ƙarfe 2 na dare tushensa yana kusan saman kanmu. Uwarsa ta fita daban, domin ta fi kama da dutse: sunanta Phaethon, an gano ta a 1983, tana matsowa kusa da rana har tazarar kilomita miliyan 21. Abokin gabarmu a nan shi ne hazon hunturu. Idan ya yi kauri sai manya kawai za a gani.

Ba a buƙatar na'ura. A fita inda babu fitila, a zaɓi daren da farin wata bai cika ba, a kwanta rigingine, a ajiye waya, a ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu. Kada kuma a ji tsoron wani abu zai faɗo. Ƙurar tauraruwa mai wutsiya takan ƙone tun tana can sama. Duwatsun da suke isowa ƙasa wani jinsi ne daban, kamar wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, mai nauyin kusan kilo 18, wanda bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon malaman makarantu da ɗalibai da duk mai sha'awa: a rubuta. Mu ma yankinmu yana da gado a wannan aiki. A cikin rubuce-rubucen Tambutu akwai bayanin da ake dangantawa da wani malami mai suna Mahmud Kati, na wani dare a watan Rajab na shekarar 991 bayan Hijira, wato 1583, da taurari suka yi ta shawagi a ko'ina cikin sama bayan dare ya raba, mutane suka firgita. Saboda ya sa wata da shekara, masana a yau suna iya komawa su lissafa abin da duniya ta ratsa a wannan lokaci. Har gobe akwai ƙungiyar duniya ta masu lura da ruwan taurari, wadda aka kafa a 1988, tana karɓar ƙirgen mutanen da ba su da komai sai ido da agogo da takarda. Abin da ake so kaɗan ne: sunan gari, kwanan wata, lokacin da aka fara da lokacin da aka tashi, yanayin sama, da yawan waɗanda aka gani. Ƙauyukanmu suna da duhun da manyan biranen duniya suka rasa. Ajin sakandare guda a Daura ko Maraɗi ko Azare da zai riƙe littafi ɗaya, ya riƙa cika shi kowace Disamba da kowace Mayu, zai koya wa yara cewa ilimin sama ba na wasu ba ne su kaɗai, kuma zai bar wa masu zuwa shaidar da za su yi lissafi da ita.